Wa ya kashe Sifiyo? Ina neman shawara kan littafin binciken kisa da nake rubutawa

Maman_Iman:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta. Dan Allah duk wanda ya san tarihin Rumawa ya matso kusa, na maƙale ne a tsakiyar wani labari.

Labarin binciken kisa nake rubutawa, irin wanda za a wayi gari a tarar da gawa a shiga bin diddigi har a cafke wanda ya aikata, amma ni birnin Rum na kai shi, kuma ba Rumawan da suka yi zamani da Sahabbai nake nufi ba, waɗannan na can baya ne sosai, shekara ta 129 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin ko sarki ba su da shi, majalisar dattawa ce ke juya ƙasa tare da shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara. Mutuwar da na ɗauko kuma ta faru da gaske. Akwai wani babban janar ɗinsu Sifiyo Amiliyanus, shi ne ya ƙone birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yanzu a 146, ya kuma ci garin Numantiya na Sifaniya da yunwa a 133 (lissafin baya-baya yake tafiya fa, 146 ta riga 133), a lokacin kaf Rum babu mai sunansa. To wannan mutumin ya dawo gida da yamma, sanatoci da jama'a sun rako shi har ƙofa, ya shiga ɗaki ya ajiye allon rubutunsa a gefen gado saboda washegari zai yi wa jama'a jawabi kan rikicin filaye, gari na wayewa sai gawa aka tarar. Bai wuce shekara 56 ba. Abin da ya tsaya min a rai wlh, mutum kamar wannan ya mutu haka amma ko bincike ba a yi ba, aka lulluɓe masa kai aka ɗauke shi.

Waɗanda aka zarga suna da yawa. Akwai matarsa Samfironiya, ita 'yar uwar Tiberiyus Girakus ce uwa ɗaya uba ɗaya, wanda sanatoci suka kashe shekara huɗu kafin nan saboda dokar rabon filaye, kuma mijin nata ya fito fili ya nuna kisan bai dame shi ba. Akwai surukarsa Korneliya uwar su Tiberiyus ɗin. Akwai ƙanin matar tasa Gayus, da wasu 'yan siyasa biyu Karbo da Fulbiyus Filakus, su ukun nan su ne 'yan kwamitin rabon filayen da Sifiyo ya taka wa burki. Wasu ma cewa suka yi shi ya kashe kansa, wasu suka ce ciwo ne kawai. Ko kan gawar ma an saɓa, wasu sun ce babu rauni wasu sun ce akwai alama.

Tambayoyina biyu ne. Na farko wa zai yi binciken, suna da 'yan sanda ne ko wani alƙali da zan iya ba wa aikin? Ba na son in saka abin da babu shi a zamanin. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, wa zan ɗora wa kisan a ƙarshe? Zuciyata ta fi karkata kan matar, don ita ce a cikin gida kuma tana da ciwon ɗan'uwanta, kuma makaranta za su ji abin har cikin ransu, amma duk sanda na zo rubutawa sai in ji hannuna ya yi nauyi, mace ce fa da ta rayu da gaske.

Abban_Khalil:

Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya kin iya zaɓe, mutuwar nan su kansu Rumawa sun shekara ɗaruruwa suna gardama a kanta. Masu son dubawa a intanet su rubuta Scipio Aemilianus, haka sunan yake a nasu rubutun.

Maganar ɗan sanda ki cire ta gaba ɗaya, babu. Rundunar masu gadin dare da kashe gobara ma sai zamanin sarki Agustus aka kafa ta, shekara ta 6 Miladiyya, sama da shekara 130 bayan mutuwar mutuminki. Abin da ke akwai a lokacin wasu ƙananan jami'ai ne guda uku masu kula da kurkuku da zartar da hukuncin kisa da zagayen dare, su kuma ƙarfinsu a kan bayi da ɓarayi da 'yan iskan gari yake ƙarewa, ba wanda zai tako gidan Sifiyo ya ce zai yi wa uwargida tambaya. Babu kuma lauyan gwamnati mai shigar da ƙara. In an kashe maka ɗan'uwa kai za ka nemo shaidunka, kai za ka je gaban mai shari'a ka ambaci sunan wanda kake tuhuma, kai za ka tsaya a dandali ka yi magana ko ka samo mai baki ya yi maka, in ba wanda ya tashi to jinin ya tafi kenan. Shari'ar kisa dai ana yi, amma ki ji irinta, a 142 wani Hostiliyus Tubulus da ke shugabantar irin wannan kotun ya dinga karɓar na goro a fili ba kunya, har da aka taso shi a shekarar da ta biyo sai ya gudu ya bar gari.

Shi ya sa ni a ganina tambayar da za ta riƙe miki littafin ita ce me ya hana kowa tashi. Mutumin nan yana da amini Leliyus, yana da 'ya'yan 'yan uwa, yana da rabin majalisa a bayansa, amma kowa ya kama bakinsa, ai ruwa ba ya tsami banza. Marubucin tarihi Fulutak ya ce talakawa ne suka hana a bincika don tsoron kada abin ya shafi Gayus. Su kuma dangi in suka tona kansu za su tona wa asiri, don gidan duk a cakuɗe yake: Korneliya 'yar Sifiyo babba ce, wanda ya ci Hanibal janar ɗin Kartaj da yaƙi a Zama a 202, shi kuma mamacin asalinsa ɗan Amiliyus Fawulus ne, ɗan'uwan Korneliya ne ya ɗauke shi ɗa ya ba shi sunan gidan. Kin ga ko ta ina aka yanka jinin gida ɗaya ne zai zuba.

Rikicin filayen kuma ki fahimce shi sosai kar ki wuce shi a guje, a nan dalilin kisan yake. Duk ƙasar da Rum ta ci da yaƙi a Italiya wani yanki yana zama na hukuma, to manya suka mamaye shi suka zuba bayi suna musu noma da kiwo, ƙananan manoma kuma da su ne sojoji suka rasa gonaki. Tiberiyus ya kawo doka a 133 cewa kada wanda ya riƙe sama da yugera 500, kusan hekta 125 kenan, da ɗan ƙari saboda 'ya'ya maza, sauran a karɓe a raba wa talakawa. A shekarar suka kashe shi da kulake da ƙafafun benci, shi da mutanensa wajen 300, aka zuba gawarwakin a kogin Tiba. An kashe mai dokar amma kwamiti ya ci gaba da awo, har awon ya kai kan gonakin sauran garuruwan Italiya masu ƙawance da Rum, da yawansu takardun sun ɓace iyakoki sun shafe, sai suka kawo kuka gun Sifiyo don da 'ya'yansu ya ci yaƙoƙinsa. Shi kuma bai ce a soke doka ba, dabara ya yi, ya sa aka ɗauke ikon yanke hukunci kan rigimar iyaka daga hannun kwamiti aka ba wa shugaban wannan shekarar Tuditanus, shi ko da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya tattara ya tafi yaƙi Iliriya, aiki ya tsaya cak. Talakawa suka ce Sifiyo ya sayar da su. A cikin wannan zafin ya kwanta bai tashi ba.

Mai bincike kuwa, da ni ne 'yantaccen bawa zan ɗauko, sakataren mamacin, kuma in sa shi ɗan Kartaj. An sayar da mutanen birnin wajen 50,000 a 146, yaron da aka kamo yana ɗan goma sha biyar yanzu ya haura talatin, ya iya Latin da Girkanci da yaren gidansu, mutumin da ya ƙone garinsu shi ya 'yanta shi ya ba shi sunansa. Ba baƙon abu ba ne, marubucin wasan kwaikwayon nan Terens a Kartaj aka haife shi, bawa ne aka 'yanta, kuma abokin Sifiyo ne. Irin wannan mutumin yana shiga ko'ina ba a ganinsa. Kullum da asuba gidan babban mutum a Rum cike yake da mabiya, kamar dai ƙofar gidan ɗan siyasa a nan, kowa ya zo gaisuwa da buƙatarsa a baki, sakatare ne ya san wa ya zo wa ya daina zuwa. Kuma yana da dalilin da zai sa ya kasa barci, don a dokarsu ba a karɓar shaidar bawa sai an azabtar da shi tukun. Ki sa masa mata ko ƙanwa da ke cikin bayin gidan har yanzu, kin ga dole ya riga masu azaba gano gaskiya.

Yaron_Malam:

Anti ni fa gsky tsorona ɗaya, wa zai karanta? Mutanenmu a gurup in babu soyayya da kishiya da mai kuɗi fej biyu za su yi su gudu, ga sunayen nan kuma Samfironiya Fulbiyus Tuditanus wlh ni kaina sai da na koma sama sau biyu kafin na gane wa ye wa. Ba kushe nake ba Allah ya sani, labarin ya ja ni tun daga allon nan da ya ajiye a gefen gado, shi ya sa nake jin takaicin a ce kin sha wahala a banza. Ko dai ki rage mutanen su dawo biyar ko shida, ki kuma yi musu laƙabi da za a iya riƙewa.

Maman_Iman:

Malam Abban_Khalil Allah ya ƙara sani ya saka da alheri, wlh kamar ka buɗe min ƙofa, ɗan Kartaj ɗin nan na riga na fara jin muryarsa. Yaron_Malam ƙanina maganarka ta rage mutane na karɓa, kuma abin sauƙi su Rumawa matansu ba su da sunan yanka ma, sunan gidan uba ake mayarwa na mace, to kiran mutum da uwar wane ko matar janar ba zai zama baƙo ba. Amma zancen ba za a karanta ba ban yarda ba. Aure ne fa a tsakiyar labarin, mace tana kwana gida ɗaya da mijin da ya tsaya gaban jama'a ya ce in ɗan'uwanta mulki ya so ƙwacewa to kisansa daidai ne, ga uwarta a gefe ta haifi goma sha biyu uku kawai suka rayu, cikin ukun kuma an jefa ɗaya a kogi. Wace mace ce za ta karanta wannan ta ce bai shafe ta ba?

Sista_Mai_Jinya:

Anti ni tarihi ba fannina ba ne amma gawa na sha gani a wajen aiki, bari in saka baki ta nan. Na lura a bayaninki wasu sun ce babu rauni wasu sun ce akwai alama, to wannan saɓanin shi ne dukiyarki, don duka biyun za su iya zama gaskiya a idon wanda bai sani ba. In mutum ya mutu jini yana gangarawa ya taru a ɓangaren da ke ƙasa, bayan 'yan awanni wajen ya yi duhu kamar an doke shi, in ya mutu a kife ko wuyansa a karkace sai ki ga duhun a wuya da fuska, wanda ke da zargi a ransa yana gani zai ce shaƙewa ce. Shaƙewa ta gaske kuma sau da yawa tana barin ɗigo-ɗigon ja ƙanana a farin ido da cikin fatar ido, fuska ta cika, wani lokacin ki ga yaƙushi a wuya na farcen shi mamacin da yake ƙoƙarin ɓamɓare hannun. In da matashi aka danne shi ana iya rasa komai a wuya sai dai cikin leɓe ya fashe inda haƙori ya danna. In guba ce irin ta saiwar akonayit da aka san su da ita, baki da harshe ne ke fara yin zugi su mutu, sai amai, sai zuciya ta rikice, to wannan ba mutuwar shiru ba ce, sai an samu wanda ya wanke ɗakin ya canza shimfiɗa kafin gari ya waye, kin ga an samu mai wanki a cikin shaidu kenan.

Sandarewa ma agogo ce, tana farawa daga muƙamuƙi da wuya bayan awa biyu zuwa shida, ta game jiki wajen awa goma sha biyu. Tsohon da ya saba da gawa in ya taɓa zai ce wannan tun farkon dare ya cika ko kuwa gab da asuba.

Shi ya sa ni shawarata kada ki nemo likita, mai wankan gawa za ki nemo. Shi ne ya ɗaga haɓar, shi ya ga abin da aka lulluɓe, kuma shi ne mutumin da ba wanda zai tuna ya tambaya.

Lauya_Mai_Karatu:

Hajiya nauyin da hannunki ke yi kada ki raina shi, ni a wajena shi ne daidai. Mu duba hujjar da ake da ita a kan Samfironiya kamar a gaban alƙali. Marubucin tarihi Afiyan da ya kawo zancen hannunta da na uwarta ya yi rubutu ne sama da shekara 250 bayan abin, kuma dalilin da ya bayar a kanta shi ne wai ba ta da kyau, ba ta haihu ba, miji ba ya sonta ita ma ba ta sonsa. Wannan ai ba hujja ba ce, gulmar gari ce, kuma mun san yadda ake yi wa macen da ba ta haihu ba in miji ya mutu farat ɗaya. Shi Afiyan ɗin da kansa ya kawo wata ruwayar cewa bayin gidan da aka azabtar sun ce wasu baƙi ne aka shigo da su ta bayan gida da dare suka toshe masa numfashi. Sannan Rumawa sun saba, babban mutum na mutuwa sai a waiwayi matarsa, a 331 an hukunta mata wajen 170 kan zargin guba a shekarar da annoba ke kashe mutane, a 180 ma an kama matar wani shugaba da ya mutu kan kujera da laifin kashe shi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda aka gina kan munin fuska.

Kuma akwai abu ɗaya da tarihi ya riƙe na halinta. Sama da shekara 25 bayan mutuwar mijin, wani mutum Ikwitiyus ya fito ya ce shi ɗan Tiberiyus ne, 'yan siyasar da ke son amfani da sunan gidan suka jawo ta gaban taro, jama'a na ihu ta sumbace shi ta amsa ɗan ɗan'uwanta ne, tsohuwar nan ta tsaya ƙyam ta ƙi. Macen da taron Rum bai sa ta yi ƙarya ba, ni ba zan so a mayar da ita mai zuba guba a ɓoye don makaranta su yi kuka ba.

In dole sai an nuna wani, Sisero, shahararren lauya kuma marubucin Rum, wanda aka haifa a 106 kuma ya zauna da dattawan da suka ga zamanin, Karbo ya fi ambata. Ki dubi rayuwar Karbon ma, ya bar ɓangaren su Gayus ya koma gun manya, ya zama shugaba a 120, ya tsaya ya kare Ofimiyus wanda ya jagoranci kashe Gayus ɗin a 121, da wani matashi Kirasus ya gurfanar da shi a 119 ya jefe shi da zancen mutuwar Sifiyo a cikin tuhumar, sai ya kashe kansa. Duk da haka shi ma ba a taɓa tabbatarwa a kansa ba. Ni dai da za ki ji tawa, hannun da ya yi kisan ya zama mutumin da ke kika ƙirƙira, wanda ya aiko shi kuma ki bar shi a inuwa, a ƙarshen littafi ki yi shafi ɗaya ki faɗa wa makaranta wanne ne tarihi wanne ne naki.

Abban_Khalil:

Barista na yarda da kai a kan matar, amma ban yarda a bar makaranci a inuwa ba. Wanda ya biyo ka babi talatin yana lissafi da kai ya cancanci amsa, in ka hana shi zai ji ka cuce shi. Abin da za a yi shi ne mai binciken ya san gaskiya sarai, makaranci ma ya sani, birnin Rum ne kawai ba zai sani ba, don 'yantaccen bawa ba shi da bakin da zai tsaya ya tuhumi sanata, in ya kai wa Leliyus ma sai ya ce masa ya haɗiye, ai jawabin jana'izar da Leliyus ya rubuta ciwo ya nuna. Kin ga an ba da amsa kuma ba a saɓa wa tarihi ba, tunda tarihi cewa ya yi ba a bincika ba. Sannan don adalci, shi Siseron da Barista ya kafa hujja da shi akwai inda ya yi shaguɓe da hannun dangi, ba Karbo kaɗai ya taɓa ba, saboda haka Hajiya kina da damar barin zargi ya yi ta yawo a kan matar har kusan ƙarshe kafin ki wanke ta.

Sista ta kawo magana mai kyau, kuma masu wankan gawa a Rum sana'a ce, yawanci bayi ne na masu harkar jana'iza, su wanke su shafe da mai a kwantar da mamaci a babban falon gida ƙafafunsa na kallon ƙofa, a kafa reshen itace a waje alamar an yi mutuwa. Ranar kaiwa kuma ana ɗauko fuskokin kakanni da aka yi da kakin zuma, wasu su saka su shiga jerin gwano kamar matattun gidan sun fito rakiya. Wani babban sanata Metelus da suka daɗe ba sa ga-maciji da Sifiyo shi ya ce wa 'ya'yansa su je su ɗauki makarar, wannan wajen kada ki bar shi. Ga wani abu kuma, yawancin manya a lokacin ƙone gawa suke, amma zuriyar Korneliyus da Sifiyo ke ciki binnewa suke yi har zuwa kan janar Sulla a 78, to gawar ba toka ta zama ba, in mai bincikenki na da ƙarfin hali ya san inda zai je. Allon nan ma katako ne da aka shafe da kakin zuma ana rubutu da tsinken ƙarfe, ɗaya bakin mai faɗi na gogewa ne, amma in mai rubutu ya danna sosai tsinken yana karce katakon da ke ƙasa, an tono irinsu a Landan kakin ya tafi amma an karanta abin da ke jiki. Wanda ya goge jawabin ya ɗauka ya gama kenan.

Sai abubuwan da za ki kiyaye. Babu tumatir, babu dankali, babu masara, babu barkono irin namu, babu siga sai zuma. Abincinsu burodi da faten alkama da wake da man zaitun da wani romon kifi mai wari da suke zubawa a komai. Ƙaton filin wasan nan na Rum da ake gani a hoto sai 80 Miladiyya aka buɗe shi, kada ki saka. Watan Yuli da Agusta ba su samu sunayen ba tukun. Kuma ba wanda zai ce shekara ta 129, cewa za su yi shekarar Tuditanus da Akwiliyus, wato shugabanni biyun wannan shekarar.

Maman_Iman:

Allah ya biya ku duka. Na tsayar da shawara, Samfironiya ba za ta yi kisa a littafina ba, amma za ta san wani abu ta ɓoye saboda ƙaninta Gayus, kuma ita ce za ta sa a lulluɓe kan. Mai hannun zan ƙirƙiro shi, wani mai awon filaye na kwamiti da aikinsa da bashinsa suka rataya kan jawabin nan na safe, shafin bayanin da Barista ya ce shi ma zan yi. Saura abu ɗaya Malam, yaya baƙo zai shiga har ɗakin barcin mutum irin wannan da dare ba a ji ba? In gidan na da gadi sosai dole sai da na ciki kenan.

Abban_Khalil:

Dole sai da ɗan gari Hajiya. Babbar ƙofa tana da mai gadi, wasu gidajen har ɗaure shi ake da sarƙa a wajen, ga kare, tagogi kuma ƙanana ne can sama, hasken gida daga buɗaɗɗen rufin falo yake shigowa. Amma akwai ƙaramar ƙofar baya ta bayi da masu kawo itace da kayan miya, ita Afiyan yake nufi, ana tokare ta da sanda daga ciki, sai an ɗaga. Bayan ita kuma akwai bawan da ke kwana a bakin ƙofar ɗakin maigida, wannan ko an saye shi ko an aike shi ko an sa masa abu a ruwan inabinsa. Titunan Rum babu fitila ko ɗaya, mai hali in zai fita da dare bayi ne ke riƙe masa wuta a gaba, to mutum biyu ko uku da suka bi lungu ba wuta duk mai gasa burodin da ya tashi aikin dare zai lura da su. Ki fara lissafinki daga mutum biyun nan, mai sandar ƙofar baya da mai kwana a bakin ɗaki, sannan ki duba wasiyyar mamacin ko akwai wanda aka rubuta za a 'yanta in ya mutu, don bawan da aka 'yanta ba a azabtar da shi a karɓi shaida.